Ban Ruwa

Arba'in da biyu aka sauke daga bayan a-kori-kura,
tsofaffin kwamfutocin wani banki da ya yi sababbi,
wasu da tabon kofin shayi a ka,
wata da takardar "a gyara" tun kafin in tsirar da gemu.
Hajiya Murja, shugabar makaranta, ta ce:
"Mannir, ran Litinin yara za su zauna."
Alhamis ce kuwa, bayan la'asar,
a wani lungu na Ƙofar Sauri.

Na fara yadda aka koya mini:
faifai a baki, danna, jira, danna.
Wane harshe? Wace ƙasa? Ƙarfe nawa a garinku?
Wa za a kira mai wannan na'ura?
Na amsa wa ta fari, na amsa wa ta biyu,
ta uku ta sake tambaya kamar ba a gabanta aka yi ba.
Har liman ya sallame isha'i
huɗu na gama, ƙuguna kuma ya gama da ni.

Sai na tuna mahaifina a lambunsa na Ajiwa,
shekarun guga ɗaya, fangali ɗaya,
har ranar da ya aje gugan ya ɗauki fartanya,
ya yini yana fidda hanya, bai jiƙa ko tushe ba.
Maƙwabta suka ce albasar ta tafi.
Da asuba ya fasa baki guda,
ruwa ya san gidan kowa.

Na aje faifan.
Daren Juma'a na rubuta amsoshin duka sau ɗaya,
layi bayan layi, kamar mai barin sallahu.
Na zaɓi wadda fankarta ba ta tari,
na naɗa ta uwar garke,
na ja waya daga ita zuwa gindin kowace.

Asabar, Baba Rabe mai gadi ya kama layin taga,
na kama na bango, muna kunnawa.
Allo bayan allo ya buɗe ido,
kowace ta miƙa hannu ga uwar, ta karɓi rabonta,
ba wadda ta tambaye ni komai.
Baba ya ja da baya, ya ce, "To wa ke danna musu?"
Na ce, "Ni ne, amma shekaranjiya."

Aka ɗauke wuta, mun tashi janareta,
man kuwa daga aljihuna.

Da suka gama na zagaya ina taƙama,
sai na ga agogon kowace ya wuce na hannuna da awa shida.
Harafi biyu na kuskure a layi na tara,
ga shi an raba wa kowa daidai, ba a zalunci ɗaya ba.
Baba bai faɗa mini ba,
mahaifina ma bai faɗa ba:
hanyar da ta kai ruwa, ita ke kai gishiri.
Na gyara, muka sake fasa baki.

Ta goma sha bakwai ce kaɗai ta ƙi.
Batirin ƙwaƙwalwarta ya mutu,
ta rantse muna cikin shekarar da aka ƙera ta,
ba ta san wata uwa ba, ba ta jin kiran waya.
Na jawo benci kusa da ita, na ɗauko faifan da na aje.

Wane harshe? Na gaya mata.
Wace ƙasa? Na gaya mata.
'Yan'uwanta arba'in da ɗaya suna numfashi a duhu,
Baba Rabe na gyangyaɗi a bakin ƙofa,
ni kuma ina ɗaga guga a hankali,
ban ma ƙosa ta gama ba.